Masahudu Buraima, Mutumin da Ya Yi Shari'a da Aradu

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Malam Masahudu Buraima a shekarar 1941 a Zangon Tamale. Mahaifinsa Buraima bafataken goro ne da ya zo daga ƙasar Zabarma ya zauna, mahaifiyarsa kuwa Memunatu, Badagomba ce 'yar garin Sagnarigu, mai sana'ar man kaɗe.

A daminar 1953 wata mata ta nemi turmin zanenta a kasuwa ta rasa, sai ta tsaya a bainar jama'a ta kira aradu a kan duk wanda ya ɗauka. A cikin makon, Memunatu tana dawowa daga Sagnarigu da daron ƙarfe a kai, hadari ya riske ta a fili, aradu ta faɗa mata ta kashe ta. Shi ke nan, gari ya yanke hukunci ba alƙali ba shaida, domin a wancan zamani maganar da ke bakin kowa ita ce mai gaskiya ba ya tsoron aradu, ɓarawo take nema. Limamin unguwa ya ce ba shi da lafiya, bai fito ba, kuma abin takaici, ko sahu guda ba a cika ba a jana'izarta. Tun daga ranar aka laƙaba wa gidansu suna Gidan Aradu.

Karatu

Ya sauke Alƙur'ani a wurin malaminsa Afa Saaka a 1955, sannan ya ci gaba da boko har makarantar midil. A can ne malamin kimiyya ya goga matajin roba a gashi, matajin ya tsinci guntayen takarda, ya kuma bayyana musu cewa wannan ƙarfi shi ne lantarki, kuma walƙiya ba komai ba ce face irinsa mai girman gaske. 'Yan ajinsu sun ruwaito cewa Masahudu ya miƙe ya ce, da Hausarsa ta Zango: "Ticha, to lantarki ya san ɓarawo?" Aka yi ta dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Aiki da bincike

A 1960 ya kama koyon aiki a gidan injin wuta na gari, inda ya ƙware a naɗin waya da gyaran janareta. Amma hankalinsa yana sama. Duk inda aka ce aradu ta faɗi, daga unguwar Changli har ƙauyukan bayan Sagnarigu, sai ya hau kekensa ya je ya duba, kuma bayan damina da yawa ya tabbatar da cewa abu mai tsawo take bi, ko wanda ya tsaya shi kaɗai a fili. Ya harhaɗa wata ƙararrawa da kwalba da wayar tagulla, wadda take kaɗawa da kanta idan hadari ya cika da lantarki. Bai taɓa da'awar shi ya fara sandar kare aradu ba; ya sha faɗa cewa mutanen wasu ƙasashe sun riga shi, nasa aikin shi ne ya sa ta yi amfani a ƙasar Tamale.

A 1967 ya kafa sandarsa ta farko a kan gidansu. Aradu kuwa ta amsa gayyata, amma da yake ya binne ƙarshen wayar sandar a busasshiyar marmara, wutar ba ta sami hanyar shiga ƙasa ba, ta tsaga bango, ta ƙone masa hannun hagu. Wohoho, ranar magulmata sun sha shagali! Aka ce aradu ta dawo karɓar sauran hakkinta. Hannun bai gama warkewa ba ya koma kan aiki, har ya gano cewa sai an binne wayar a rami mai gawayi da gishiri, kusa da rariyar wanka, inda danshi ba ya yankewa ko da rani.

Aure da iyali

Sunan gidansu ya jinkirta masa aure, domin gidaje da dama sun mayar masa da goronsa. A 1972 ya auri Fuseina, 'yar wani maƙeri a unguwar Kaladan, wadda ta shaida wa mahaifinta cewa ita dai ba ta taɓa ganin aradu da takardar sammaci ba. A maƙerar surukin nasa aka ƙera yawancin sandunansa.

Shekarun gwagwarmaya

Da ya fara bin masallatai yana neman izinin kafa sanda, wasu dattawa suka ce yana ja da ƙaddara. Ya amsa musu cewa mai riƙe laima bai yi faɗa da ruwan Allah ba, amma suka yi kunnen uwar shegu da shi. A 1979 aradu ta farfasa hasumiyar wani masallaci a Changli, aka taru ana salati, sai ya tambayi jama'a cikin ladabi: "Jama'a, shi kuma masallaci mene ne ya sata?" Kafin damina ta gaba an kira shi ya kafa sanda, daga nan makarantu da gidajen kwano suka biyo baya.

Sai dai an karɓi sandar, an bar maganar. Mutane suka ci gaba da tsayawa a fili ana tsawa don kada a ce suna da abin tsoro. Shi kuwa ya san muddin haka na nan, mahaifiyarsa ɓarauniya ce a idon gari. Bayan ya yi ritaya a 2001 ya yi ta roƙon limamai su faɗi gaskiyar a kan mumbari, kowa ya ce masa in sha Allahu, ba wanda ya faɗa. Wannan ya ci masa rai matuƙa, amma bai daina zuwa ba har ƙafa ta gaza.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa a gidansa da ke Kaladan a watan Satumba na 2021, yana da shekara tamanin. An idar da sallar jana'iza, an ɗauki makara za a nufi maƙabarta, sai hadari ya haɗu, aka fara tsawa. Wasu dattawa suka ce a wuce kawai, kada duniya ta ce an ji wa ɗan Gidan Aradu tsoro. Liman Abdul-Rauf, wanda mamacin ya sha zuwa ƙofarsa, ya ɗaga murya ya ce: "Ku shigar da shi masallaci, ku ma ku gudu! Aradu ba alƙali ba ce. Ta kashe Memunatu ba ta ɗauki zanen kowa ba, mu ne muka zalunce ta." Manya da yara suka ruga ciki, ba wanda ya ji kunyar gudu. A nan, gawar ɗanta na gabansu, aka yi wa Memunatu addu'a da sunanta, sahu har bakin ƙofa. Da ruwa ya ɗauke aka kai shi makwancinsa.

Ya bar matarsa Hajiya Fuseina da 'ya'ya huɗu: Zakir, Faridatu, Razak da Samiha, da jikoki da dama. Allah ya gafarta masa, ya isar masa da abin da bai ji da kunnensa ba.