Alƙalin Miya a Gidan Burodi

Gidan burodin da nake aiki yana Dutsen Kura, kuma na daɗe ina kwaɓa fulawa a cikinsa. Shekarar da 'yar mai gidan ta dawo daga karatu a Amurka ta karɓi wurin, ta tara mu ta ce a can akwai watan da ake warewa don tuna tarihin baƙar fata, mu ma za mu yi namu da abinci da kiɗa. Muka dubi juna. Fulawa ta rufe mu tun daga gira har yatsun ƙafa. Direban motar rabo ya ce a fara barinmu mu yi wanka, don a yadda muke babu baƙi ko ɗaya a ɗakin.

Manajar ta yi dariya, amma ba ta janye ba. Kowace ƙabila za ta kafa teburinta, a kawo girkin gida, wanda ya fi daɗi a ba masu shi babbar kula. Da aka zo maganar alƙali sai kowa ya nuna ni. Kakana na wajen uba Bakano ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna, mahaifiyata Gbagyi ce, matata kuma Banufiya. Wai mai dangi a kowane gida ba zai yi son kai ba. Na amince da sauri, don ni dai ci kyauta na hango.

Murnar ba ta kwana ba. Ma'aikatanmu Gbagyi duk gwauraye ne, sai suka je suka roƙi Inna, mahaifiyata, ta yi musu girki. Nufawa kuma suka roƙi matata. Su biyun gida ɗaya suke da ni a Shango, murhunsu ma na kallon juna. Inna ta kira ni ɗakinta ta tuna mini yadda ta goya ni a baya, ga kwandon doya a kafaɗa, har kasuwa. Matata ba ta yi dogon zance ba. Ta ajiye mini abinci, ta tambaye ni cikin taushin murya ko na san wa zai ci gaba da dafa mini bayan an gama biki.

Na gwada ƙaryar ciwon ciki. Manaja ta jajanta mini, ta ce ba komai, za a ɗaga bikin har in warke. Washegari na warke.

Ranar bikin aka kafa rumfa a tsakar gidan burodin. Kowane teburi da sunansa a kwali, kuma da yake na fara zuwa ajin yamma, ni na karanta abina a hankali ba tare da na tambayi kowa ba. Mai kalangu yana gefe, matan Nufawa suna kaɗa tukwane, Yarbawa da Ibo suna rigima a kan waƙar da za a sa a lasifika. Inna ta shigo da tukunyarta a kafaɗa kamar yadda ta saba, don ita ba ta ɗora kaya a ka.

Manaja ta yi bayanin mutanenmu da aka kwashe aka tsallaka teku da su, ta ce har yau jikokinsu na cin miyar kuɓewa, ita ma ta ci a can. Sai Inna ta ce, "Ashe har miyar ma ba su bar mana ba."

Na fara da teburin Hausawa, na zauna wa farantin masa kamar ba ni da wurin zuwa. Na ja lokaci a kan amala, na nemi ƙarin apu, tuwon rogon Ibo. Direba ya yi ta cewa a kira wani alƙalin, wannan zai cinye shaidar kafin a yanke hukunci. Daga ƙarshe dai tebura biyu suka rage.

A na Gbagyi sakwara ce da miyar busasshiyar kuɓewa. Lomar farko barkono ya kama mini harshe, citta ta biyo baya. Inna ta daɗe da rabuwa da yaji saboda cikinta. Wannan hannun matata ne, ko ido a rufe na san shi. Na matsa teburin Nufawa, tuwon shinkafa da miyar wake da busasshen kifi. Tun kafin in kai baki daddawa ta gaishe ni, irin zubin da Inna kaɗai ke yi mata. Na ɗaga kai. Ga su can tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowace ta gyara fuska kamar ba ta taɓa ganina ba. Ashe musayar tukunya suka yi.

Na ce a raina Allah ya kawo mafita. Na miƙe, na sa mai kalangu ya dakata.

"Teburin Nufawa ya ci," na ce. "Abincin gidan matata ne, hannun mahaifiyata ya dafa."

Aka ɗauki tafi da guɗa. Gbagyi suka ce an yi musu maguɗi, amma su suka fara shiga fili da aka saki kiɗa. Na ga Inna tana gwada rawar duƙawa ta Nufawa, matata na riƙe da ita kada ta kife. Ni ma na taka, ina jin babu mai wayona a Minna.

Da yamma na koma gida na zauna a tabarma ina jiran abinci. Inna ce ta fara fitowa.

"Kai wannan, a gaban jama'a ka kayar da sakwarar uwarka?"

Na ce ai ita ta dafa abin da ya ci. Matata ta leƙo daga kicin.

"Wato ni da na dafa sakwarar ban iya miya ba ke nan, Baban yara."

Suka shige ɗakin Inna da sauran miyar duka biyu, ina jiyo su suna ƙyaƙyata dariya, suna yaba hannun juna. Can matata ta fito ta ajiye mini faranti a rufe. Na buɗe, sai ga burodi, irin namu na Dutsen Kura, wanda ni na kwaɓa da hannuna. Ta ce wannan dai ba sai na yi masa alƙalanci ba.

Na jiƙa shi a shayi na ci. Gishirin ma ya ɗan yi yawa.