Maruƙan Doguwa da Rahoton da Na Ƙi Sa wa Hannu

Har yau ranar Litinin ɗin nan tana raina, ranar da Dakta Sabo, shugaban sashenmu, ya shigo ofishinmu na Tudun Wada yana murmushi da takarda a hannu. Lokacin shekarata ta biyu ke nan ina jami'ar ƙididdiga a wani aikin lafiyar dabbobi.

Damina guda muka yi muna bin maruƙa a rugagen Doguwa, wasu an yi musu allurar sabon maganin sammore, wasu tsohon. Irin lissafin da muke yi ba ya tsayawa kan ko maraƙi ya mutu. Yana duba tsawon kwanakin da ya rayu, ya haɗa da shekarun uwarsa da nisan rugar daga daji. Wanda aka sayar ko aka yi ƙaura da shi, ana ƙirga shi zuwa ranar da aka yi masa ganin ƙarshe.

Kwamfuta ta fitar da lambar da ake dubawa don a san ko bambanci na gaske ne ko dace, kuma ta faɗo ƙasa da iyakar da aka saba, wato alamar cewa bambancin magungunan na gaske ne. Dakta ya ce in rubuta cewa sabon magani ya fi, don a sanar da makiyaya kafin wata damina.

Na roƙi kwana uku. Abin da ya dame ni shi ne, ƙarfin wannan gwaji yana ga yawan waɗanda suka mutu, ba yawan waɗanda aka bi ba, kuma namu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Na sa kwamfuta ta yi ta cakuɗa sunayen magungunan tsakanin maruƙan, in ga sau nawa dace kaɗai zai haifar da irin bambancin. Ya haifar da shi fiye da yadda zan yarda. Da na cire ruga ɗaya, ta Arɗo Bello, sai bambancin ya ɓace.

Ranar Laraba na hau mashin zuwa rugar. Bayan mun gaisa, Arɗo ya gaya mini cewa maruƙansa biyu masu tsohon magani da muka rubuta sun mutu, ambaliya ce ta ci su a rafi. Ma'aikacinmu ya tambayi ranar mutuwa, bai tambayi dalili ba.

Da na koma na gaya wa Dakta, bai ji daɗi ba. Ya ce ana jiran rahoto a Kano, kuma lambar ta riga ta fita.

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan muka ce ya fi, mutanen nan za su bar maganin da suka sani. Ban ce bai fi ba. Cewa na yi ba mu sani ba tukuna, kuma ba zan sa hannu a kan abin da ban sani ba."

Ya daɗe yana duba takardun, sannan ya tambayi abin da nake buƙata. Na ce ƙarin damina ɗaya, da ƙarin rugage daga Kiru da Bebeji. Washegari ya sa hannu a kan buƙatar, rahoton kuma ya tafi da kalmomina.

Ku da kuka fara aikin nan yanzu, kafin ku yi murna da lamba, ku ƙirga mutuwa nawa ta tsaya a kai, ku je ku tambayi mai dabbar yadda aka yi. Wani lokaci amsar da ta fi wuyar rubutawa ita ce "ba mu sani ba", kuma don ita aka ɗauke mu aiki.