Ranar da Aka Kai Mu Katsina Mu Tausaya wa Matan Afganistan

Masu cewa karrama mu aka yi da aka kai mu taron matan Afganistan ba su san komai ba. Kawar da mu aka yi.

Baure

Ana idar da sallar asuba bas ta tsaya a ƙofar gidanmu. Gwaggo Hadiza, ƙanwar babana, mai neman kansila a mazaɓarmu, ita aka ba kujerar gaba. Alhaji Sule, shugaban jam'iyya, da hannunsa ya rufe mata ƙofa.

"Hajiya, ke ce uwar tafiya. Zancen ɗan takara kuwa, sai kin dawo."

Duk macen da ke goyon bayanta tana cikin motar, an raba mana atamfa iri ɗaya. Na ce, "Gwaggo, yaushe Alhaji ya fara son Afganistan?" Ta ce in rufe mata baki.

Zango zuwa Daura

A shingen Zango ɗan sanda ya leƙo, ya ga anko. "Ina amaryar?" Direba ya ce taron 'yanci za mu. Ya ce, "To, a taho mini da nawa." A tashar Daura muka karya da koko da ƙosan da ya kwana.

Katsina

Da hantsi muka shiga ɗakin taron wani otal. Maza a babban tebur da ruwan gora, mu a baya, aikinmu tafi da guɗa. Wani lauya mai ƙaton tabarau ya ce Afganistan ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta haƙƙin mata, amma masu mulkin yanzu sun fitar da mata daga majalisa da ofis da makaranta.

Sai da hannuna ya yi tsami kafin a ba ni dama.

"Ranka ya daɗe, to wa zai kama su?"

"'Yata, yarjejeniya ba ta da ɗan sanda. Ƙasashen da za su matsa musu, kowa da abin da yake lissafi. Amma akwai kwamiti. Yana rubuta rahoto, ya nuna damuwa."

"In sun ƙi karantawa fa?"

"Sai a nuna matuƙar damuwa."

Wallahi har guɗa aka yi masa.

Mashi

A hanyar dawowa wayar Gwaggo ta yi ƙara. Ta saurara, ta ajiye cinyar kazar da aka ba mu, ba ta ƙara taɓa ta ba. Ashe bayan azahar maza sun zauna a zauren Alhaji, sun yi maslaha, sun ba surukinsa takara.

Gida

Kafin magariba muka sami Alhaji a ƙofar zaurensa.

Gwaggo ta ce, "Alhaji, tsarin jam'iyya ya ce ba a zama sai da mata."

"An neme ku, Hajiya, aka ce kuna Katsina. In ba ki gamsu ba, akwai kwamitin ƙorafi."

Na ce, "Wa ke shugabantarsa?"

Ya gyara hula. "Ni ne dai."

Alhamdu lillahi mun sauka lafiya, direba ma Allah ya saka masa, shi kaɗai ne bai yi mana ƙarya ba. Ran Laraba za su sake zama a tura sunan surukin sama. Atamfar nan ba zan kai ta wajen tela ba. Da sassafe zan shimfiɗa ta a bakin zauren, mu zauna ni da Gwaggo da duk matan bas ɗin nan. Mai son shiga sai ya tsallake mu.