Ƙafa Ɗaya a Ƙofar Mota

Ina tsaye a tashar mota wayata ta yi ƙara. 'Yar aminina ce. "Baba, kada ka jira shi. Allah ya yi masa rasuwa da asuba." Tun da muka yi ritaya, tare muke zaga tsofaffin abokan aiki, mu tafi da safe mu dawo da yamma.

Na kasa shiga mota, na kasa komawa gida. Sai kai-komo nake yi, har idona ya faɗa kan wani dattijo.

Siriri ne, riga ta sha guga, takalmi sai ƙyalli, kamar mai gudun makara ofis. Da gani shi ma bai daɗe da ajiye aiki ba. Ƙafarsa ɗaya tana kan matakin mota, ɗaya a ƙasa, ya hana a rufe ƙofa. Direba sai danna hon yake yi.

"Baba, ko ka shiga ko ka sauka!"

"Yi haƙuri, ɗana. Gwiwa ke damun abokina, amma yana tafe."

Ban san su ba, amma ni ma ina ta leƙen bakin tasha. Can sai ga wani mai ƙiba yana ɗingishi, yana haki.

"Kunkuru, ka iso?"

"Rufe mana baki, tsohon banza!"

Mota ta tashi da su suna dariya.

Jiya na ce wa aminina, "Mu bar tafiyar nan sai wani mako mana." Ya ce, "Kai da wani mako! Wa ya ba ka shi?"