Shekara Biyar Babu Mai Duba Hannu

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Usman. Kafin in faɗi komai a kansa gara in fara tona wa kaina asiri, don in ban faɗa ba 'yan unguwarmu a Nguru za su faɗa, kuma gishirinsu ya fi nawa yawa.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na kwashe kwana uku ina gurza tafin hannuna a jikin dutsen niƙan kakarmu. Kanta nake nema, wato taurin fatar nan da fartanya ke bari a hannun manomi. A lokacin Yaya ne sakataren reshenmu na ƙungiyar matasa manoma ta ƙasa, reshen da ya haɗa Nguru da Gashuwa. Ya kafa wata al'ada da babu ita a kundin da uwar ƙungiya ta aiko daga Abuja. Ranar zaɓen shugabanni yakan tsaya a ƙofar ajin da ake taro, kowa ya miƙa masa hannu ya duba. Mai kanta ya shiga ya yi zaɓe, a ba shi koriyar hula. Marar kanta ya koma gida da fatan alheri. Ni hular nake so. Amma ni ɗan kanti ne, kakanninmu fatake ne da suka taso daga Haɗeja, kuma abu mafi nauyi da na taɓa ɗagawa a duniya shi ne kwalin ashana.

Da layi ya zo kaina, Yaya ya kama hannuna ya juya shi kamar mai tayin kifi.

"Malam Habu, wace gona ce ta yi maka wannan aiki?"

Na ce, "Ta bayan gida."

"To fartanyar taka da tsakiyar hannu ake riƙe ta? Kanta a gindin yatsu take fitowa, kuma ba ta ɗurar ruwa. Wannan bororo ne. Je ka Inna ta shafa maka man kaɗe." Ya ɗaga kai ya ce, "Na gaba."

An yi mini dariyar da na tabbata an jiyo ta a Machina. Mako guda da cokali nake cin tuwo.

A lokacin na ɗauka mugunta ce irin ta yayye. Sai daga baya na gane abin da yake tsaro. Reshenmu yana da fadama a wani ƙauye da ke kan hanyar Gashuwa, kuma ba tamu ba ce, aro ce. Bulaman ƙauyen, wato mai garinsu, shi ya ba wa ƙungiya ita bisa sharaɗi ɗaya: in ta yi damina uku ba a noma ta ba, ta koma hannunsa. Fadamar kuwa tana da maƙwabciya marar kunya, wato kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa da ke toshe magudanai. In ka sare ta da safe, kafin ka gama wanke lauje ta haihu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi gayya an shiga taɓo har ƙugu an buɗe magudanar da ke kawo wa fadamar ruwa. Yaya yakan ce wanda zai yanke hukunci a kan magudana, ya kamata ƙafarsa ta san sanyinta. Duba hannun nan ba komai ba ne illa wannan.

Akwai kuma al'ada ta biyu. Shugabanci karɓa-karɓa ne, shekara biyu ɗan Nguru, shekara biyu ɗan Gashuwa. Ita ma ba a rubuce take ba. Ya Falmata, wata 'yar Gashuwa da ke mataimakiyar shugaba a lokacin, ta sha ce masa, "Usman, ka sa abin nan a takarda, ka aika Abuja su buga masa hatimi." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Takardar me, ina nan?" Na ji wannan amsa da kunnena a zaurenmu. Bayan wata takwas ciwon ƙoda ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Gashuwa, daga can aka dawo mana da shi a likkafani. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Daminar da ta biyo baya an yi noma, har da ni, don na rantse sai na sami kanta ta halal. Na kuwa samu, guda huɗu, na riƙa nuna su a makaranta har aka fara gudu na. A shekara ta biyu ne uwar ƙungiya ta aiko da sabon tsari, wai rajista ta koma ta waya, kowa ya tura hoto a buga masa kati. Aka kuma ji raɗe-raɗin cewa da katin nan za a riƙa rabon taki da iri. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu namu ba tsagewa ya yi ba, faɗuwa ya yi. Mai shayi ya zama matashin manomi. Mai gyaran waya ya zama matashin manomi. Akwai wani dattijo a layinmu da haƙoransa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, shi ma yana da kati, da hotonsa yana murmushi.

Ranar zaɓe babu kowa a ƙofa. Juyin Gashuwa ne, amma 'yan Nguru suka cika motoci suka zo suka ce a nuna musu inda aka rubuta karɓa-karɓa. Babu. 'Yan Gashuwa suka fice, suka yi nasu zaɓen a gindin wata bishiya. Muka wayi gari da shugaba biyu, sakatare biyu, hatimi biyu, kowane ɓangare ya rubuta ƙorafi Abuja. Amsar da ta dawo layi uku ce: an rushe duka biyun, za a turo kwamitin riƙo cikin wata uku, kafin nan kada wanda ya taɓa kayan ƙungiya ko gonarta. Injin ban ruwanmu aka kulle shi a sito da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a Nguru, ɗaya a Gashuwa.

Kwamitin nan har yau yana hanya. Ina jin a kan kunkuru ya taso, kuma kunkurun ya tsaya jana'iza a Damaturu.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce in ya leƙo yau. Wataƙila zai fara murna da ganin rajistar, don sunayen da ke cikinta sun fi na zamaninsa ninkin ba ninkin. Sannan ya ce a kai shi fadama, daga nan kuma murna ta ƙare. Hausawa sun ce in giwaye na faɗa ciyawa ce ke shan wahala. A wurinmu ciyawar ce ta ci riba. Kacalla ta cinye magudanar, ta hau kunyoyin da muka yi, ta fi ni tsawo ko na ɗaga hannu. Cikinta shiru ne irin wanda ba ya yi wa mutum daɗi, sai can ka ji wani abu ya ja jiki a ƙarƙashi. Da la'asar tsuntsayen jan-baki kan taso daga ciki kamar hayaƙi, su sauka a gonakin mutanen ƙauyen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutanen sun daina amsa mana gaisuwa da sakin fuska. Damina biyu sun wuce a haka, ta bana ce ta uku.

Watan jiya Ya Falmata ta zo gidanmu da goyonta, ta ce in raka ta wurin Bulama. Muka same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya yi mana lale, ya yi wa Yaya addu'a, sannan ya saurare ta har ta gama ba tare da ya ajiye igiyar ba.

Ya ce, "'Yata, ni ban san Abuja ba. Da Usman na yi magana, shi ma ba takarda muka yi ba. Mutanena suna kuka da tsuntsu, kuma akwai masu neman wurin nan da ba sa jiran kwamiti."

Ta ce, "Baba, a yi mana haƙurin shekara ɗaya."

"Haƙuri ba ya sare kacalla. Ku kawo mini mutum ashirin ranar Asabar su shiga magudanar nan da lauje, ina tsaye ina gani. In na ga ashirin, na manta da lissafin damina." Ya dube ni. "Kai ne na dutsen niƙa?"

Na ce ni ne. Ashe labarin har nan ya iso.

Na fito ina ganin abin wasa ne. Mutum ashirin a ƙungiyar da ko mai shayi yana cikinta? Na bi gida-gida, na bi shago-shago, na yi wa mutane alkawarin shinkafa da kifin da ban san inda zan samo su ba. Kowa ya ce in Allah Ya kai mu. Ranar Alhamis sai ga sanarwa tana yawo a wayoyi, daga ofishin ƙungiya na jiha, wai an samu labarin wasu na shirin shiga gonar ƙungiya ba da izini ba, kuma duk wanda aka gani za a soke katinsa. Ban san wanda ya kai rahoton ba. 'Yan Nguru sun ce Gashuwa ce, 'yan Gashuwa sun ce Nguru ce. Wani abokina, wanda muka yi noman daminar farko tare, ya ce mini, "Habu, ka gane mana. In taki ya zo fa?" Na ce takin a ina za ka zuba shi, a aljihu? Bai yi dariya ba, bai kuma zo ba.

Na daɗe ina jin haushin Yaya a kan amsar nan tasa ta "ina nan". Da ya ji maganar Ya Falmata ya rubuta, wataƙila da ba mu kai nan ba. Amma kuma na ga takardun da aka rubuta bayansa, masu hatimi da sa hannu, ban ga wadda ta cire ko tsinke ɗaya daga magudana ba. Abin da ya bari ba ya cikin kundi. Yana wurin tsohon da ya riƙe alkawarin baki shekara biyar bayan mai alkawarin ya tafi, yana wurin matar da ta shiga taɓo da goyo a bayanta. Ni kuma abin da ya bar mini shi ne har yau in na gaisa da mai kati, sai na ji yatsuna suna laluben gindin nasa.

Da zan bi halina, da na ce muku ranar Asabar mun yi ɗari biyu, kacalla ta gan mu ta tsere Nijar. Mu tara muka je. Muka sara tun hantsi har azahar, muka buɗe abin da bai fi tsawon zaurenmu ba. Da muka fito Ya Falmata ta kama hannuna ta duba, ta ce, "Har yanzu bororo ne, amma dai a gindin yatsu yake."

Bulama ya ƙirga mu sau biyu, ya sa aka kawo mana fura. Ranar Litinin ya ba wa wani mai noman shinkafa fadamar. Injin yana nan a sito da kwaɗonsa biyu.