Burodin da ke Cinyar Liatu

A bakin hanyar Dayi, inda lorin auduga ke tsayawa ɗaukar fasinja, wata dattijuwa tana zaune a gindin ɗorawa tun hantsi. Siririya ce, da kallabin zumuntar matan coci a kanta, dugaduganta duk faso. A cinyarta akwai burodi naɗe cikin farin ƙyalle, da kwalbar zoɓorodo. Duk motar da ta taso daga Malumfashi sai ta miƙe, ta leƙa fuskokin da ke sama, ta koma ta zauna.

Wata mai ƙosai ta ce mini sunanta Liatu. Tun da mijinta mai bishara ya rasu, ita ke buɗe majami'ar ƙauyensu, ta karanta Littafi, ta yi wa marasa lafiya addu'a. Yanzu wani tsoho yana kwance, ya roƙi jibin Ubangiji, wato burodi da abin sha mai tsarki da Kiristoci ke karɓa. Ina jin har burodin ita ta gasa, amma miƙa shi sai fasto. Faston take jira.

Wani magidanci ya iso a keke, yana haki.

"Inna, Baba Sulemanu ya daina gane mutane, sunanki kawai yake kira. Ki zo ki ba shi da hannunki. Wa zai sani?"

Ta dubi ƙyallen.

"Ni zan sani, Luka. Ba a ɗora mini hannu an naɗa ni fasto ba."

Ya tsaya nan riƙe da keken. Can wata mota ta ɓullo, dattijuwar ta miƙe tana kakkaɓe zani. Buhunan gyaɗa ne kawai a bayan motar.