Hannun Baba Sai-na-auna

Ana kiransa Baba Sai-na-auna, domin ko ce masa ka yi rana ta fito sai ya leƙa waje. Shekara arba'in ya yi yana feƙe ƙarfe a tsohon injinsa na hannu, mai tsiyayar baƙin mai. Idan wani ƙarfe ya karye a famfo ko injin niƙa, aka neme shi a kasuwa aka rasa, wurinsa ake zuwa ya fitar da guda ɗaya tak.

Da 'yarsa ta gama karatun injiniya, ta girke inji mai kwamfuta a ƙuryar shagon. Baba bai taɓa yarda da shi ba. "Wannan na masu son guda dubu ne," in ji shi. "Kafin ki gama yi masa rubutu saboda ƙarfe ɗaya, na yi uku na sha shayi."

Wata safiya wata mai niƙa ta dawo da sandar ƙarfen da ya yi mata, don a ƙara huda ta, tana ta sa masa albarka. Baba ya bi jikin ƙarfen da farce. Layukan sun jeru daidai kamar haƙoran mataji. Hannun mutum kuwa yakan ɗan yi jinkiri, ya bar shaida. Wannan ba aikin hannunsa ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya zargi mai niƙa da kai aiki wani shago. Ya zargi tabaransa. Kwana uku yana bin kowa da harara, har da mage.

A rana ta huɗu ya jawo wani kwali daga bayan injin 'yar. Ƙarafan da ya feƙe wa mutane ne, goma sha ɗaya. Ya ɗauko ma'auni ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya kauce, da kaurin gashi ko biyu. Ya sake aunawa, haka dai suke. Kunya ta rufe shi.

'Yar ta shigo ta tsaya cak.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, Baba."

"Kowane guda sai kin zauna kin yi wa injin rubutu kin sake yin sa?"

"Awa biyu, wani uku."

"Mutane kuma su zo su gode mini."

Ta sunkuyar da kai. Baba ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya jawo kujera kusa da injin nata.

"Na gaba da zai zo, ki fito ki karɓi godiyarki da kanki."